Milimita Ɗaya da Ɗigo Shida: Yadda Tsofaffin Gilasan Leica Suka Tsallako Zamanin Dijital

A shekarar 1930 kamfanin Ernst Leitz da ke garin Wetzlar na ƙasar Jamus ya fitar da kyamarar Leica ta farko da ake iya kwance gilashin gabanta a ɗaura wani. Kafin nan, tun daga 1925 da aka fara nuna ta a kasuwar baje koli ta Leipzig, gilashin a liƙe yake da jikinta, wanda ka saya da shi za ka zauna. Sabon tsarin ya zo da gilasai uku: mai milimita 35 don ɗaukar fili mai faɗi, mai 50 na yau da kullum, da mai 135 don jawo na nesa. Sai dai da sharaɗi. Kowane gilashi da kyamara ɗaya tak aka daidaita shi a masana'anta, aka zana masa lambobin ƙarshe na lambar jikin kyamarar don kada a cakuɗa. In ka ari na abokinka zai ɗauru, amma ba lalle hoton ya fito tas ba, domin tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da fim ba ɗaya ba ce daga wannan kyamara zuwa waccan.

Shekara guda aka yi ana wannan wahala. A 1931 kamfanin ya tsayar da awo ɗaya ga kowa: milimita 28.8 daga baki zuwa fim. Kyamarar da aka yi a kan sabon awon sai a buga mata alamar sifili a baki. Faɗin bakin milimita 39 ne, gilashin kuma murɗa shi ake yi kamar noti har ya zauna. Wani abin ban dariya shi ne, faɗin da milimita aka auna shi, amma takun tiredin da inci, 26 a kowane inci, wato kaɗan ya rage taku ɗaya ya cika milimita. Wasu daga cikin waɗanda suka fara kwaikwayon Leica sun ɗauka milimita ɗaya ne cif, gilasansu suka riƙa cijewa kafin su kai ƙarshe.

A 1932 aka sa wa kyamarar ma'aunin nisa, wanda shi ne ya ba wannan jinsin kyamarori suna har yau. Aikinsa na ƙarfe ne zalla. A bayan gilashi akwai zobe da ke matsawa gaba ko baya idan mai hoto ya juya hannun saiti. A cikin bakin kyamara, daga sama, akwai 'yar taya a kan ɗan hannu, tana jingine da wannan zobe. Zoben ya tura taya, taya ta motsa abin da ke cikin tagar leƙe, mai hoto ya ga surori biyu na abu ɗaya suna matsowa har su haɗe. Da sun haɗe, saiti ya yi. An gina lissafin a kan motsin gilashi mai tsawon milimita 51.6, wato ainihin awon abin da Leitz ke kira 50. Duk wani gilashi, gajere ko dogo, dole a sassaƙa zobensa yadda zai tura tayar kamar shi ne wancan. Wannan ita ce magana ta farko da gilashi ya fara yi wa kyamara, kuma kalma ɗaya ce: nisa.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, kariyar da doka ta ba ƙere-ƙeren Jamus ta faɗi, bakin Leica ya zama na kowa. Dama tun 1934 ana kwaikwayonsa a Kharkov da sunan FED. A 1948 masana'antar Krasnogorsk ta biyo da Zorki. A Japan, Canon ya bi wannan awo, kamfanin Nippon Kogaku kuma ya yi gilasan Nikkor masu ɗauruwa a Leica. Da su David Douglas Duncan na mujallar Life ya ɗauki hotunan yaƙin Koriya a 1950, daga nan duniya ta fara kallon gilashin Japan da mutunci. Cikin shekaru kaɗan gilasai masu wannan baki suka cika duniya, na Jamus da na Rasha da na Japan da na Ingila. Ba duka ne suke magana da harshe ɗaya ba. Gilasan Jupiter na Tarayyar Sobiyet daga zanen Zeiss aka kwafo su, tsawonsu ya ɗan zarce na Leitz, saboda haka a nesa suna daidai, amma in aka matso kusa aka buɗe su gaba ɗaya sai saitin ya faɗa bayan abin da aka nufa. Masu gyara har yau suna cusa musu siraran zobba don rage wannan kuskure.

Sai 1954. A baje kolin Photokina da ke Kolon, Leitz ya nuna M3, kyamarar da ta yi watsi da murɗawa. Bakinta mai kunnuwa huɗu ne, ka cusa gilashi ka ɗan karkata, ya ce ƙas. Kamfani yana iya tsayawa nan ya ce wa mutane su sayi sababbin gilasai. Abin da injiniyoyinsa suka yi shi ne suka rage tazarar baki zuwa fim daga 28.8 zuwa 27.8. Milimita ɗaya ke nan suka bari a fili, kuma da gangan. A wannan fili ake sa zoben tagulla mai kaurin milimita ɗaya, cikinsa tiredi, wajensa kunnuwa. Ka murɗa tsohon gilashi a ciki, ka ɗaura a M3, gilashin ya tsaya daidai inda yake tsayawa a tsohuwar kyamara, zobensa ya taɓa tayar ma'aunin nisa, komai ya yi aiki. Babu gilashi a cikin adaftar, babu abin da ke motsi. A ganina duk tarihin ƙera kyamara ba a yi dabarar da ta kai wannan arha da nisan tasiri ba. Idan ana son ganin kishiyarta, a dubi 1987, lokacin da Canon ya fito da bakin EF mai lantarki ya bar masu tsofaffin gilasansa na FD riƙe da kayan da ba su ɗauruwa a sababbin kyamarorinsa. Canon ya ci riba da wannan shawara, ba a musu. Amma hanya ce daban.

Bakin M ya ƙara wa gilashi kalma ta biyu. Ɗaya daga cikin kunnuwan ana yanka shi da tsawo daban-daban, in an ɗaura sai ya tura wani ɗan harshe a cikin kyamara, layukan iyakar hoto su bayyana a tagar leƙe. A M3 layukan na 50 da 90 da 135 ne. Harshen matsayi uku kawai yake da shi, don haka da gilasai suka yawaita sai aka haɗa layukan bibbiyu, kamar yadda aka gani tun daga M4-P a farkon shekarun 1980: 28 da 90, 35 da 135, 50 da 75. Dalilin da ya sa adaftar tsohon baki iri uku ce ke nan, kuma duk mai saye sai ya duba lambar da aka zana a gefenta. In ya sa wa gilashi mai 35 adaftar 50, hoto zai fito, amma layukan da yake gani ƙarya suke masa.

Haka aka zauna shekara hamsin. Gilashi yana faɗin nisa, yana faɗin ajinsa cikin uku, fim bai nemi ƙari ba. Kyamarori masu madubi a ciki suka ƙwace kasuwa tun shekarun 1960, masu ma'aunin nisa suka koma hannun 'yan tsiraru. A 1999 wani kamfanin Japan mai suna Cosina, ƙarƙashin Hirofumi Kobayashi, ya ɗauko tsohon sunan Voigtländer ya fara ƙera sababbin gilasai a kan bakin murɗawa na 1931, cikinsu har da mai milimita 15 wanda kuɗinsa bai kai komai ba in an gwada da na Leica. Adaftar da aka ɗauka kayan tsofaffi ce sai ta dawo kasuwa sabuwa fil. Daga baya Zeiss ma ya shigo da jerin gilasan ZM masu bakin M, yawancinsu a masana'antar Cosina aka yi su.

Dijital ne ya tona asirin abin da fim ke rufewa. Fim bai damu da ta inda haske ya zo ba. Ko a tsaye ya sauka ko a karkace, zai kama. Sensa ba haka take ba. Kowane ɗigon da ke karɓar haske yana ƙasan ɗan rami, a samansa akwai tacin launi, ja ko kore ko shuɗi, da ɗan mitsitsin gilashi mai tattara haske, sannan a saman duka akwai murfin gilashi. Hasken da ya zo a karkace wani ya ɓata a bango, wani ya ratsa tacin wannan ɗigo ya faɗa na maƙwabci. Sakamakon shi ne kusurwoyin hoto su yi duhu, launinsu ya gurɓata. Kyamarori masu madubi sun tsira daga mafi yawan wannan ba don wayo ba, don dai madubin ya tilasta a nisanta gilashi daga fim: milimita 44 a Canon, 46.5 a Nikon. Hasken yana isowa kusan a miƙe. A bakin M kuwa tazarar 27.8 ce, kuma gilasai masu faɗin gani irin Super-Angulon mai 21 gindinsu yana nutsewa can cikin kyamara har ya kusa taɓa labulen da ke buɗewa haske ya shiga. Abin da ya sa suke ƙanana masu kaifi a kan fim, shi ne ya zame musu laifi a kan sensa.

Ba kamfanin Leica, wato Leitz na dā, ne ya fara tsallake wannan rami ba. A 2004 Epson, kamfanin da aka sani da injin buga takarda, ya haɗa kai da Cosina suka fitar da R-D1, kyamarar dijital ta farko mai ma'aunin nisa. Megafiksel 6 gare ta, bakinta na M, tana da hannun ɗana labule irin na kyamarar fim duk da babu fim ɗin da za a ja. Maganinta mai sauƙi ne: sensar ƙarama ce, tana ɗaukar tsakiyar hoton ta bar gefen da ya fi matsala. Ba ta tambayar gilashi sunansa. Ko layukan iyaka ma da hannu ake zaɓa, 28 ko 35 ko 50.

Leica a lokacin yana garin Solms, kuma a 2005 saura ƙiris ya durƙushe saboda rashin kuɗi. Kyamararsa ta dijital, M8, ta fito a watan Satumba na 2006, da sensar Kodak mai megafiksel 10.3, girmanta milimita 27 da 18, ta fi ta Epson amma ba ta kai fim ba. An yi mata dabaru biyu a jiki. Mitsitsin gilasan da ke kan ɗigogin gefe an gusar da su kaɗan zuwa tsakiya don su tari hasken da ke zuwa a karkace. Murfin gilashin sensar kuma aka sirantar da shi zuwa rabin milimita, domin duk kaurin da aka ƙara yana dusar da gefen hoto. Abin da ya rage sai a gyara da lissafi, a ƙara haske a kusurwa, a daidaita launi. Amma lissafin kowane gilashi daban ne, don haka dole kyamara ta san wanda aka ɗaura mata.

Kamfanin ya san hanyar lantarki. Tun 1996 ya sa wa gilasan kyamararsa mai madubi, R8, haƙoran lantarki masu aika bayani. Ga M sai ya zaɓi fenti. A bayan bakin gilashi aka haƙa ramuka shida a jere, kowane a cika shi da baƙi ko fari. A bakin kyamara aka sa 'yar taga mai idanu shida da ke haska ramukan su karanta abin da ya dawo. Baƙi ɗaya ne, fari sifili. Shida masu fuska bibbiyu suna ba da lambobi 64, a cire wadda duk fari ce, ma'anarta babu lamba. Misali, gilashin Leica Summicron mai 50 lambarsa baƙi, fari huɗu, baƙi. Summilux mai 50 na zamani baƙi ɗaya ne a farko, sauran biyar fari. Ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. Tun tsakiyar 2006, kafin kyamarar ta fito, sababbin gilasai suka fara zuwa da ɗigoginsu, kuma a lokacin wanda yake da tsoho yana iya aika shi Solms a canza masa baki ya biya, in dai gilashin yana cikin jerin waɗanda kamfani ya amince da su.

Ya kamata a lura da ƙanƙantar abin da lambar ke faɗa. Ba ta faɗin nisan da aka saita. Ba ta faɗin yadda aka buɗe ko aka tsuke ƙofar haske, alhali duhun kusurwa ya danganta da wannan. Don cike giɓin, kyamarar tana da wani ɗan ido a goshi mai auna hasken waje, sai ta gwada da wanda ya ratso gilashi ta yi kintace. Shi ya sa adadin ƙofar haske da ake gani a bayanan hoton Leica M ƙiyasi ne, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kauce.

Da farko mutane da yawa sun ɗauki ɗigogin a matsayin ƙawa. Abin da ya mai da su dole ya faru ne makonni kaɗan bayan kyamarar ta shiga hannun masu saye. Baƙaƙen tufafi, musamman na roba-roba, sai suka riƙa fitowa shunayya. Ango ya sa baƙar kwat, hoto ya nuna shi cikin ruwan makuba. Sirantar murfin sensa ce ta jawo, domin shi ne ke tare hasken infirared da ido ba ya gani, kuma rabin milimita bai isa ba. Wanda ya biya kusan dala 4,800 ba zai ji daɗin wannan ba. Leica ya amsa laifi ya ba kowane mai M8 filta biyu kyauta, na ɗaurawa a gaban gilashi. An gudu ba a tsira ba. Irin wannan filta aikinta yana canzawa da karkatar haske. Wanda ya zo ta gefe sai ta yanke masa har da wani yanki na jan da ido ke gani. A gilashi mai 50 ko 90 ba a lura. A mai 35 zuwa ƙasa sai kusurwoyi su rine shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, gwargwadon faɗin gilashi gwargwadon munin abin. A 2007 aka sabunta manhajar kyamarar don ta goge wannan rini, amma sai ta ga lamba. Kuma a M8 babu inda mai hoto zai shiga ya zaɓi sunan gilashinsa da hannu.

A nan ne nake ganin ruhin 1954 ya raunana. Wancan milimita ɗaya bai tambayi gilashi wa ya ƙera shi ba. Na Canon da na Rasha duk sun shiga ta ƙofar. Ɗigo shida kuwa na 'yan gida ne kawai, su ma ba duka ba. Babu lamba ga Voigtländer, babu ga Zeiss, babu ga ko ɗaya daga tsofaffin gilasan Leitz masu murɗawa. Ana iya kare kamfanin da cewa ba zai auna gilasan wasu ya ɗauki alhakinsu ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma hana zaɓi da hannu ba shi da wannan uzuri, tunda shekara uku bayan haka shi da kansa ya sa shi.

Masu kyamarar ba su jira ba. Sun gano cewa idanun ba su damu da farin fenti ba, ƙyallin ƙarfen baki ya ishe su a matsayin fari. Baƙaƙen kawai ake bukata. Sai aka koma ga alƙalamin maka. Mutum ya yanka takarda ya yi ma'auni, ya ɗora a bayan gilashi, ya ɗiga baƙi inda ya dace. Daga baya aka fara sayar da ma'aunan roba da aka yi don wannan aiki. Babbar tambayar ita ce lambar wa za a ara. Kamar wanda ya je wa tela ba a taɓa auna shi ba, ya ce a ɗinka masa da awon yayansa tunda jikinsu ya yi kama: wani lokaci rigar ta zauna, wani lokaci hannu ya yi tsawo. Tsawon gilashi kaɗai bai isa a yi zaɓi ba, domin gilasai biyu masu 28 suna iya bambanta a karkatar hasken da ke fita ta bayansu. Sai an gwada: a ɗauki farin bango da wannan lamba, a goge, a sa wata, a sake ɗauka, a ga wadda ta bar kusurwa fara. Jerin sunayen wane ya dace da lambar wane haka aka tara shi, hannu da hannu, ba kamfanin da ya wallafa.

Tawada tana gogewa. Ɗaurawa da kwancewa sau kaɗan ya isa ya share ta, abin da ya goge kuma yana iya taruwa a kan tagar idanun. Wani gilashin yana da kan sukuru daidai inda ɗigo zai zauna, kyamara ta karanta shi baƙi, sai an shafe shi da farin fenti. Masu injin sassaƙa ƙarfe suka samu sana'a, suna haƙa ramuka shida a bakin gilashi ko su ƙera sabon baki gaba ɗaya. Cosina da Zeiss ba su sa lamba ba, amma daga baya suka riƙa barin siririn kwari a zagayen baki, inda tawada za ta kwanta ba tare da ta gogu ba. Ba su ce don me ba, kowa ya gane.

Akwai kuma tarko na biyu, wanda ya haɗa sabuwar magana da tsohuwa. Kyamarar ba ta yarda da ɗigogi su kaɗai. Tana duba matsayin harshen layukan iyaka. In lamba ta ce gilashin Leica mai 28 ne, amma kunnen bakin ya tura harshe zuwa 50 da 75, sai ta yi kamar ba ta ga komai ba. A M8 layukan 24 da 35 ne suke tare, ga 28 da 90, ga 50 da 75. Mai son aron lamba dole ya tabbatar gilashinsa yana tayar da layukan da mai lambar ke tayarwa. Ga gilashin murɗawa abin da sauƙi, adafta kawai zai canza. Ga wasu gilasan bakin M na wasu kamfanoni sai an kwance bakin an sa wani.

Ita kanta adaftar ta zo da tata matsalar, kuma daga shekarun 1930 ta gado ta. Tsofaffin gilasai irin Elmar mai 50 suna da ɗan maɓalli a hannun saiti da ke kulle su a ƙarshen nisa. Maɓallin yana leƙowa ta baya, saboda haka adaftocin asali an zaftare musu wani yanki na gefe don ya samu wurin wucewa. Wurin da aka zaftare ya faɗo daidai kan tagar idanu shida. Babu ƙarfen da za a ɗiga wa tawada, haske kuma yana shiga tagar kai tsaye. Voigtländer ya fitar da adafta iri na biyu mai cikakken gefe, wasu masana'antu suka biyo da masu ramuka shida a haƙe, sai dai ka cika da fenti. Amma cikakken gefe yana hana maɓallin wasu tsofaffin gilasai zama, gilashin ya kasa kaiwa ƙarshen nisa. Wanda yake da Elmar na kafin yaƙi sai ya zaɓa: ko lamba ko maɓalli, ko kuma ya ɗauki zarto. Kauri ma ya zama abin dubawa fiye da dā. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba, wanda fim ke haɗiyewa, yanzu ana ganinsa da an faɗaɗa hoto a allon kwamfuta, kuma adaftoci masu arha ba duka ne ke cika milimita ɗaya daidai ba.

Wasu gilasan ba lamba ba adafta da za ta cece su. Littafin M8 ya hana ɗaura Hologon mai 15, da Summicron mai 50 mai zangon kusa, da Elmar mai 90 mai naɗewa. Sauran masu naɗewa kuma an yi kashedi kada a tura su ciki.

Ranar 9 ga Satumba 2009 M9 ta fito da sensa mai girman fim cikakke, milimita 36 da 24, megafiksel 18. An ƙara kaurin murfi zuwa milimita 0.8, aka huta da filta a gaba, aka kuma sa jerin gilasai da za a zaɓa da hannu. Sai dai gefen da M8 ke yankewa yanzu ya shigo hoto, lamba ta ƙara muhimmanci. Da gilasai masu faɗi sosai, ɓangare ɗaya na hoton yakan yi ja, ɗaya ya yi kore, tsakiya fari, har masu hoto suka laƙaba wa abin sunan tutar Italiya. Wanda lambar aro ba ta yi masa ba sai ya koma ga manhajar CornerFix, ya ɗauki farin fili da gilashin ta koyi rininsa ta cire daga sauran hotuna. Zaɓi da hannu kuma ya zo da mantuwa: ka canza gilashi ka manta ka canza suna, kyamara ta yi ta gyara cutar da babu. Shi ya sa ko bayan M9 mutane ba su ajiye maka ba.

Abin da ya biyo baya ya rage zafin matsalar ta hanyoyi daban-daban. Kyamarar Leica Monochrom ta 2012 ba ta da tacin launi ko kaɗan, rini ya ɓace, ya rage duhun kusurwa kawai. M ta Typ 240 da ta shiga kasuwa a 2013 ta kawo kallon hoto kai tsaye a allo, wanda ya sa aka iya ɗaura gilasan R, na kyamarori masu madubi irin R8, da aka daina yi a 2009, ta adafta mai tata lambar. A kan Typ 240 ne tsohuwar adafta mai zaftararren gefe ta sake cizo, domin in tagar idanu a buɗe take kyamara takan ɗauka babu gilashi ta ƙi kunna allon. A gefe guda kuma kyamarori marasa madubi na Panasonic daga 2008, da na Sony masu tazarar milimita 18, suka buɗe wa gilasan M wata kasuwa ta adafta mai kauri, duk da cewa murfin sensarsu mai kauri yana dusar da gefen gilasai masu faɗi. Leica ya sa idanu shida a cikin adaftar da ke kai gilasan M kan kyamarorinsa marasa madubi na SL. M11 ta 2022 ta zo da sensar da aka juya gininta, ramukan suka zama marasa zurfi, rinin gefe ya ragu ƙwarai ko da babu lamba.

Aron lamba ya bar wani tabo da ba a cika magana a kai ba. Kyamara tana rubuta sunan gilashi a cikin kowane hoto, kuma abin da ɗigogi suka faɗa mata take rubutawa. Ɗimbin hotunan da aka ɗauka daga 2006 zuwa yau suna ɗauke da sunan Summicron ko Elmarit alhali Voigtländer ne ko Zeiss ko Canon na shekarun 1950 ya ɗauke su. Duk mai binciken da zai dogara da wannan bayani don sanin halin wani gilashi, sai ya yi hattara.

Kamfanin da kansa, bayan ya koma Wetzlar a 2014, ya juya ga tsofaffin zanensa. A 2016 ya sake ƙera Summaron mai 28, wanda asalinsa na 1955 ne kuma da bakin murɗawa aka yi shi. A 2017 ya dawo da Thambar mai 90 na 1935. An bar lissafin gilasan yadda yake, aka ba su bakin M da ramuka shida. Wanda ya gaji Summaron na asali yanzu yana da lambar da ta dace da shi: ya nemi adaftar 28 da 90 mai ramuka, ya duba ɗigogin kwafin 2016, ya cika nasa da su.